Kafin ka ɗauki gurup a Katako: shawara ga mai wankin mota gida-gida

Tambayar farko da mai kanti zai jefo maka idan ka tsaya gaban gurup-gurup a kasuwar Katako ta Yamai ita ce: "Mai kVA nawa kake so, samari?" In ba ka zo da amsa ba, shi zai ba ka, kuma amsarsa ba za ta wuce abin da ke jibge a rumfarsa ba. Ba mugunta ba ce, kasuwa ce. Mutumin bai san injin feshinka ba, bai san gidajen da za ka shiga ba, bai san ko a dogon baro za ka ɗora kayan ko a bayan babur ba. Kai ne ka san duk wannan. Don haka cinikin a ɗakinka yake farawa, da biro da takarda, tun kafin ka taka kasuwa.

Da samarin da suka gaji da zaman jiran mota a labaj nake, waɗanda suka ce bari su bi motar har inda take: gidan alhaji mai kat-kat biyu a Kwara Kano, harabar ofis a Filato, ƙofar gidan ma'aikaciyar da ba ta da lokacin bin layi ranar Asabar. A wanke jiki, a zuƙe ƙurar ciki, a wanke kujeru, wani lokaci a goge fenti har ya ɗau ido. Ruwa mai sauƙi ne, ko ka ɗauko a tonno ko ka kira ɗan garuwa. Wuta ce ke hana ruwa gudu.

Wani zai ce ai gidan mai motar akwai kuran, me ya kai ka sayen inji? Gaskiyarsa. Duk inda aka ba ka izini ka jona, jona, don babu wutar da za ta zo maka da arahar ta NIGELEC. Abin da kontar zai ci a wankin mota ɗaya bai kai kuɗin rabin litar esansi ba. Sai dai ba a kafa sana'a a kan wutar gidan wani, musamman a Yamai. Shekara da shekaru babban kason wutar birnin nan daga Najeriya ya riƙa zuwa ta layin Birnin Kebbi, kuma kowa ya ɗanɗana abin da ya faru da aka katse layin a watan Agustan 2023 saboda takunkumin CEDEAO, ba a maido ba sai Maris na 2024. Tashar gazuwal ta Goru Banda da aka buɗe a 2017, da filin panno mai megawat 30 da aka ƙaddamar kusa da ita a Yulin 2023, sun rage zafi. Amma da Afrilu da Mayu sun shigo, kowa ya kunna klim da fanka, sai a koma raba wuta unguwa-unguwa. Ka yi alkawari da mutum ƙarfe goma, ka shafe masa mota da kumfa, a ɗauke, rana ta busar da sabulun a kan fenti. Ko da wutar tana nan ma, gidaje da yawa kontar ɗinsu na kilowat 3 ne. Firji na aiki, klim na aiki, ka ƙara injin feshi, dijonkter ya faɗi, Hajiya ta leƙo ta taga tana tambayar wa ya kashe mata wuta. A harabar ofis kuwa wani lokaci babu wurin jonawa ko kusa. Ka riƙe wutar mai gida a matsayin alheri in ta samu, ka zo da taka.

To, ga aikin takarda. Jera kayan aikinka a tabarma, ka juya kowanne. A gindi ko a gefe akwai ƴar takarda da aka buga lambobi, wadda ke da W a bayanta ita kake nema. Ƙaramin Kärcher K2 wat 1400 yake ci, K5 kuma wat 2100. Injin zuƙar ƙura mai shan ruwa yana tsakanin 1000 da 1400. Injin goge fenti yakan kai 1200. Mai tururi, wanda ake wanke kujeru da shi, ya fi waɗannan biyun haɗama, daga 1500 zuwa kusan 2000, kuma shi ba ya hutawa har sai ruwan ya tafasa. Kada ka tara su duka ka tsorata kanka. Hannu biyu gare ka, abu ɗaya kake kunnawa a lokaci guda. In kana da yaro da zai riƙa zuƙar ciki kana feshin waje, sannan ne za ka haɗa waɗannan biyun.

Akwai abin da takardar ba ta faɗa. Moter ɗin da ke cikin injin feshi, a daƙiƙar da zai tashi, yana fizgar wuta ninki biyu, wani ninki uku, na abin da aka rubuta masa. Da sau ɗaya yake tashi a wuni da ba komai. Amma injinan yanzu suna mutuwa da ka saki kunamar bindigar, su sake tashi da ka matsa, kuma a mota ɗaya sai ka matsa ka saki sau da yawa ba ka ma sani ba. Kowane matsi fizga ce. Wannan fizgar ce ke kashe ƙananan gurup, ita ce kuma ke sa onduler ya yi ƙara ya ɗauke. Saboda haka mai K2 ya nemi injin da ke iya riƙe wat 2000 zuwa 2500 yana tafiya ba haki. Mai K5, wanda moter ɗinsa ya fi nauyin tashi, ya duba daga 3500 zuwa sama, shi ma sai an gwada. A ganina wanda ke bin gidaje ba ya bukatar K5. Ƙurar Yamai ba ta kai ta sa ka ɗauki inji mai nauyin buhu biyu ba.

Yanzu mu shiga kasuwa. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ko a tanki, yawanci sunan samfurin ne kawai. Ɗan ƙaramin Tiger ɗin nan da ake haɗa wa esansi da mai, an rubuta masa 950, abin da yake bayarwa bai wuce wat 650 ba. Yana da kyau ga mai shayi da mai cajin waya, kai kam ko kallonsa kada ka yi. A babban inji ma, durƙusa ka nemi farantin da ke jikin ƙarfen. Lambobi biyu za ka gani, babba da ƙarama. Babbar ta ɗan lokaci ce, ƙaramar, wadda ake rubuta wa nominale ko rated, ita ce ƙarfinsa na gaskiya. In da kVA aka rubuta, cire kashi ɗaya cikin biyar ka samu wat ɗin da za ka dogara da shi: kVA 3 ka ɗauke shi wat 2400. Sannan ka tuna an auna waɗannan lambobin ne a iska mai sanyi, wajen digiri 25. A ranar da Yamai ta haura 42, inji na shaƙar iska mai zafi, ƙarfinsa yana raguwa kaɗan, wayar cikinsa kuma tana saurin gasuwa. Bar masa sarari.

Maganar waya ita ce wadda aka fi cutar mutane a kanta. Akwai injin da aka naɗa da jan ƙarfe, akwai wanda aka naɗa da alminiyo aka shafa masa fenti mai launin jan ƙarfe. In an buɗe murfin baya ido ba ya rabewa. Sai an ɗan kankare bakin waya: ja har ciki ko fari. Ba kowane mai kanti zai yarda ka kankare masa sabon kaya ba, to ɗaga biyu masu girma ɗaya, na jan ƙarfen ya fi nauyi. Na alminiyo ba haramun ba ne, yana kunna fitila da talabijin shekaru. Amma aikinka na fizga ne a tsakar rana, kuma a nan ne mahaɗansa ke saurin ƙonewa. Ka tabbata kuma yana da AVR, ɗan akwatin da ke daidaita ƙarfin wuta, don injin goge fenti mai rage gudu da cajojin batir ba sa jure wuta mai hawa da sauka.

Duk wannan magana ce. Gani ya kori ji. Ranar da za ka saya, ka je da injin feshinka, da tiyo, da jarkar ruwa, don ba a kunna shi a bushe. Ka sayi litar esansi da kuɗinka, ka aro na'urar awon wuta wurin mai gyara, ko ka je da shi gaba ɗaya ka ba shi na goro. A tayar da gurup ɗin, a auna: ya nuna tsakanin bolt 220 da 230. Jona injinka, ka matsa kunama ka saki, ka matsa ka saki, kamar sau goma a jere, idonka a kan na'ura, kunnenka a kan inji. Inji mai lafiya zai ɗan yi gurnani, lambar ta faɗi kaɗan ta dawo nan take. Wanda bai isa ba za ka ji muryarsa ta shaƙe, lambar ta gangara ƙasa da 200 ta zauna can, ko ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai, ko ya tofar da baƙin hayaƙi. Kada ka tsaya nan. Bar shi ya yi minti goma sha biyar da kaya a kansa har ya yi zafi, ka sake gwadawa, don da yawa suna da ladabi in suna da sanyi. Mai kantin da ya ce "ai sabo ne a kwali, Alhaji, ba sai an gwada ba", yi masa godiya ka matsa rumfa ta gaba. Katako ba ta da ƙarancin rumfa.

In na hannu za ka saya, ƙara da abu uku. Zaro sandar mai ka ga launinsa, ja igiya a hankali ka ji ko tana turjewa, don wadda ke zuwa salin-alin injinta ya gaji, sannan ka duba hayaƙi: shuɗi alamar yana shan mai ne. Sunan Honda kuwa a yau ana liƙa shi a jikin duk abin da aka yi wa jan fenti. Na asali yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfen injin, ba a takarda ba. Kuma ka kula da kayan da suka fito daga Amurka, gurup ne ko batir ko injin feshi: da yawansu na bolt 110 zuwa 120 ne, mu kuwa 220 muke. Wanda ya biyo ta Kano kuma sau da yawa da soket mai ƙafa uku masu kusurwa yake zuwa, kayanmu kuwa masu ƙafa zagayayyu ne. Kada ka zauna da ɗan mahaɗin roba na dala ashirin a tsakani, yana sassautawa ya narke. Sa a canja soket ɗin gaba ɗaya.

Akwai wani jinsin gurup da ya kamata ka sani ko da ba yanzu za ka saya ba, wato mai onduler a ciki, rufaffe kamar akwati. Honda EU22i misali ne: yana riƙe wat 1800, ya taɓa 2200 na ɗan lokaci, nauyinsa wajen kilo 21, tankinsa lita 3.6 yana kai shi awa uku da cikakken kaya, wajen awa takwas da kaya kaɗan. Hannu ɗaya ake ɗaukarsa, kuma ana iya hira a gefensa. Wannan shirun kuɗi ne a sana'arka, don buɗaɗɗen gurup a ƙofar gidan mutum lokacin ƙailula, ko kusa da masallaci ana salla, yana iya sa a ce kada ka sake zuwa ko da motar ta fita fes. Aibinsa biyu ne: tsada, sannan in allon cikinsa ya ƙone ba kowane makaniki ke iya taɓa shi ba. In ka samu irinsa, kashe maɓallin tsimin mai lokacin feshi, don a wannan yanayin injin yana kwance ne, fizga tana riskarsa bai shirya ba. Na gazuwal kuwa bar wa masu walda. Yakan kai kilo 100 ko ya wuce, ba na yawo ba ne.

Lissafin mai ba shi da wuya. A Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma guda. Gurup na kVA 2.5 zuwa 3 yana shan wajen lita ɗaya a awa da irin kayanka. In kana kashe shi lokacin da kake saɓa sabulu da goge-goge da hannu, mota ɗaya ba za ta ci fiye da rabin awar inji ba, kusan dala hamsin ke nan. A ce jika biyu kake karɓa, ɗaya cikin takwas ya tafi a mai. Wanda ya bar injin yana ta kuka tun isowarsa har ya naɗe tiyo, shi ya ninka wa kansa. Abin da ya fi farashi damuwa shi ne samu. Mun ga layukan Maris na 2025 a gidajen mai, kuma tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023 na ƴan ruwa-ruwa ya daina zama mafaka mai araha. In dole ta sa ka sayi na kwalba, tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

Wasu sukan kauce wa matsalar fizgar gaba ɗaya, su sayi injin feshi mai injinsa na esansi a jiki. Dabara ce mai kyau ga wanda kwastomominsa ke dawowa daga daji da laka a ƙarƙashin mota lokacin damina, ko mai wanke manyan motoci. Amma yana zubar da lita tara zuwa goma a minti, K2 kuwa shida. Tonno mai lita 200 minti ashirin zai yi maka. Ƙarfinsa kuma yana iya ɗaye fentin da aka taɓa yi wa gyara in ka matso da baki kusa. Sannan har yanzu kana bukatar wuta don zuƙar ƙura.

Sai batir, wanda shi ne samari suka fi tambaya a kansa yanzu, saboda bidiyoyin da suke gani a waya na Turawa masu wanke mota da ɗan akwati ba ƙara ba hayaƙi. Akwatin gaskiya ne, yana aiki. Amma lambobi biyu gare shi, kuma masu talla ɗaya suke ɗagawa. W shi ne faɗin bakin famfo, Wh shi ne girman tonnon da ke bayansa. Famfo mai faɗi a jikin ƙaramin tonno nan da nan yake tsiyayewa. Ɗauki EcoFlow Delta 2: W ɗinsa 1800, ya isa ya tayar da K2, Wh ɗinsa 1024, nauyi kilo 12. Yanzu lissafa mota ɗaya. Feshi na minti goma da wat 1400 ya ci Wh 233. Zuƙar ƙura ta minti goma sha biyar da wat 1200 ta ci 300. An tashi 533. Ƙara abin da ke ɓacewa a cikin onduler, ka doshi 620. Mota biyu ba za su fita cif ba, kuma ba mu taɓa injin goge fenti ko mai tururi ba. Alherinsa shi ne yana cika cikin wajen minti 80 in ya samu wutar bango, to wanda ke da inda zai jona tsakanin aiki da aiki zai iya juya shi sau biyu ko uku a wuni. Wanda ba shi da wurin, ya sayi kayan rabin wuni da kuɗin da ya fi na gurup.

Sannan ga zafi, abin da bidiyoyin ba sa nunawa. Irin waɗannan akwatuna suna ƙin karɓar caji in zafinsu ya wuce digiri 40 zuwa 45, suna kuma kashe kansu don kada su lalace. A Afrilu iskar inuwa ma tana kai wa nan, balle cikin akwatin ƙarfe a bayan dogon baro ko cikin mota a rufe. In ka saya, inuwa ce wurinsa, a ɗaga shi daga ƙasa, a bar wa fankarsa hanya. Ka nemi wanda aka rubuta wa LiFePO4. Shi ne ke kai wa caji wajen 3000 kafin ya fara rauni, ya kuma fi tsohon samfurin lityom jure zafi.

Mai ƙaramin ƙarfi zai ce bari ya haɗa nasa: batir na dalmar nan na sola da onduler. Ana yi, amma a san abin da aka shiga. Batir mai bolt 12 da 200Ah a takarda Wh 2400 ne. Rabi kawai ake ci in ana so ya yi rai, saura 1200, nauyinsa kuma wajen kilo 60. In ka ɗora masa wat 1400 yana fitar da amfiya kusan 130, wutar da ke bukatar waya mai kaurin yatsa, kuma da irin wannan zuƙa mai ƙarfi ko 1200 ɗin ba za ka samu ba. Batir biyu a haɗe su ba da bolt 24 sun fi sauƙi a kan waya, sai dai nauyi ya ninka. Onduler ɗin ya zama mai tsabtatacciyar wuta, wanda ake rubuta wa pur sinus, don mai arahar yana sa moter gurnani da zafi. Batirin mota kada ka fara. An yi shi ne don ya tayar da inji na daƙiƙa biyu, in ana tsotse shi kullum watanni kaɗan zai yi. Zafin garin nan kuma yana cinye rayuwar batirin dalma: ƙa'idar masu sana'ar ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu.

Panno fa? Rana kam Allah ya ba mu. Amma panno mai wat 200, in an goge shi an fuskantar da shi daidai, abin da zai tara maka a wuni bai wuce Wh 800 zuwa 900 ba, wato mota ɗaya da ɗoriya, a hunturu ma ƙura ta rage. Ba ya tayar da injin feshi kai tsaye, batir yake cikawa a hankali. Wurinsa rufin gida, yana cika batir na biyu kana can kana aiki da na farko.

In ka tambaye ni, ga inda na tsaya. Wanda jarinsa bai kai ba, kada ya ci bashi don inji. Ɗan famfo mai bolt 12, irin na injin feshin gona mai batir, wat 60 zuwa 100 kawai yake ci. Da shi da bokiti biyu da tsummoki masu laushi ana fitar da motar gari tsaf, a jona injin zuƙa a gidan mai mota in akwai wuta. Ƙyallin mota daga hannu yake fitowa, inji sauri kawai yake ƙarawa. Wanda ya tara kuɗin inji, ya ɗauki na esansi zalla, wanda mansa ke zaune a nasa wurin, kVA 2.5 zuwa 3, wayar jan ƙarfe, da AVR. Nauyinsa wajen kilo 40 ne, mutum biyu na sauke shi. Akwatin lityom ya jira ranar da ka samu kwangila da ofis ko otel da ba sa son ƙara, lokacin kuɗin kwangilar ne zai saya.

Akwai abu guda da ba na sassauci a kansa. Kana tsaye cikin ruwa, hannunka jiƙe, kana riƙe da bindigar da ke haɗe da bolt 220. Sayi dijonkter mai gane yoyon wuta, na miliamfiya 30, a ɗaura shi tsakanin inji da ralonj. Mai gyaran wuta ya haɗa, ya gwada a kan gurup ɗin kansa, don ƙananan injina da yawa sai an haɗa wayar nötir da jikin ƙarfen kafin wannan kariyar ta yi aiki. Ralonj ɗin ya zama mai waya uku, jan ƙarfe, kauri 2.5, tsawon mita 25 ya isa. Siririyar waya mai tsawo tana shanye ƙarfin wuta kafin ta isa, moter ya yi ta wahala har ya ƙone. In mai naɗi ce, warware ta duka, don a naɗe tana yin zafi ta narke daga ciki. Mahaɗa kada ta kwanta a ƙasa, rataye ta ko ka ɗora a kan bulo. Takalmin roba, ba silifa ba. Gurup ɗin ya zauna can gefen da ruwa ba ya gangarawa, a fili. Ko mai gida ya ce ka shigar da shi gareji ko zaure don ƙara, ba shi haƙuri: iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, barci take sawa. Ba a kuma zuba esansi inji na tafiya ko yana da zafi.

Kulawa kaɗan ce. Sabon inji a juye masa mai bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 50 a ƙurar garin nan. Soson da ke tace iska a wanke shi duk mako a hunturu, a bar shi ya bushe, a ɗiga masa mai kaɗan a matse. Abin da mai yawo da inji ya fi mantawa shi ne famfon esansi. Rufe shi kafin ka hau hanya. In ka bar shi a buɗe, girgizar hanyoyin unguwa tana sa esansi ya cika karbireta ya gangara cikin mai, ka iso gidan kwastoma inji ya ƙi tashi, ko ya tashi da gurɓataccen mai yana cin kansa. Ɗaure shi a tsaye, a kan tsohuwar taya.

Kafin ka biya, tambayi mai kanti ya nuna maka karbireta da AVR da igiyar wannan samfurin a cikin kasuwar, yau, ba "za su iso" ba. Injinan da aka yi a kan tsarin GX160 da GX200 na Honda sun fi kowanne sauƙi a nan, kayansu na shiga wa juna, kuma kusan kowane makaniki ya san cikinsu. A rubuta maka rasit da lambar injin da kwanakin garanti, ko mako biyu ne, a rubuce. Da canjin da ya rage ka sayi buji guda na ajiya, da makullinsa, da mita biyu na igiyar tayarwa, ka sa a akwatin sabulu.